Taswirar yaƙin Rozgoni ta bangon aji: abin da ta yi daidai da inda ta kuskure

Malaman tarihi a lakwal-lakwal na Maradi za su ci moriyar wannan taswirar da wani kantin littattafai kusa da Babbar Kasuwa ke sayarwa. Takardar mai kauri ce, an lulluɓe ta da leda, ƙura ba ta cin ta.

Tana nuna karon da aka yi ranar 15 ga Yuni 1312 a Rozgoni, kusa da Kassa, wato Koshitse ta Sulobakiya a yau, tsakanin Sarki Shal na ɗaya na Hungari da gidan Aba, wani babban gidan masu sarauta na ƙasar. Asalin rigimar ya fito sarai: mutanen Kassa sun kashe Amade Aba, shugaban gidan, a 1311, 'ya'yansa suka tayar da kayar baya, Matiyu Chak, wani babban basaraken Hungari, ya aiko musu da sojan haya. Inda ta fi burgewa shi ne tsakiyar fili. An zana wurin da mai riƙe da tutar sarki ya faɗi, har sarki ya koma yaƙi ƙarƙashin tutar Hosfitala, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista. Wannan kaɗai ya isa ɗalibi ya gane cewa da ƙyar aka sha.

Aibinta launi ne. Ja na sarki da ruwan goro na 'yan tawaye sun yi kusa da juna, daga bencin baya ba a bambancewa. Sai malami ya bi kibiyoyin gidan Aba da baƙar maka. Kuma kada a rataya ta inda rana ke bugawa, domin zafin Afrilu na sa ledar ta ɗago daga gefe.