Gargaɗi ga 'yan kasuwar Aboabo, Asawase da Alabar a Kumasi: mai "ajin tallan Facebook" ɗin nan ɗan damfara ne

Salamu alaikum jama'a. Duk wanda ya ga wannan ya tura wa iyayenmu mata da ke gurup-gurup na WhatsApp, musamman masu sayar da abaya, turare, atamfa da kayan kicin. Akwai wani da ke yawo da sunan koyar da talla a Facebook da sa shago a taswirar Google. Ɓarawo ne. Sidi 1,450 yake karɓa a hannun mutum ɗaya idan ya bi da shi har ƙarshe. Sidi 1,450. A lissafin tsohon kuɗin Ghana, wanda iyayenmu suka fi ganewa, miliyan goma sha huɗu da rabi ke nan. Ba zan kama sunansa a nan ba tukuna, saboda maganar tana hanyar zuwa hannun hukuma, kuma ma sunan da yake amfani da shi ba lallai nasa ba ne. Hotunan hirarrakin da saƙonnin MoMo, wato tura kuɗi ta waya, suna nan a ajiye, zan sa su da zarar masu su sun yarda an rufe lambobinsu.

Ga yadda kuɗin suka kasu: 350 kuɗin aji, 250 kuɗin sa shago a Google, 850 kuɗin talla na wata guda. Ku haɗa da kanku. 350 da 250 da 850. Bayan wannan kuma sai ya dawo ya nemi 600 wai don a buɗe shafin Facebook na mai shagon, wanda shi da kansa ya ƙwace.

Kada wanda ya zo min da maganar wai waɗanda aka cuta sakarkaru ne. Matan da suka shekara ashirin suna ciniki tsakanin Kejetia da Adum, waɗanda ke gane jabun atamfa da taɓawa kawai, ba su ne za a kira wawaye ba. Abin da ya nuna musu an tsara shi ne don ya ruɗi mai hankali. Yana da shafi mai dubban mabiya, yana da hotunan ɗalibai riƙe da takardar shaida, yana jin Hausa da Twi, yana gaisuwa da ladabi, yana cewa "Mma, ai ke uwa ce a wurina, ba zan ci haƙƙinki ba." Har hoton allon Ads Manager, wurin da Facebook ke nuna lissafin talla, yake turowa, da lambobi reras, mutum dubu kaza sun gani, ɗari kaza sun aiko saƙo. Wanda bai san aikin ba ina zai san cewa a kwamfuta ana iya canja duk lambar da ke kan shafi cikin minti ɗaya, a ɗauki hoton, a tura? Hoton allo ba shaida ba ne. Shaida ita ce ki buɗe asusun tallan a wayarki ki ga lambar da idonki.

Inda abin ya fi ci min rai shi ne wurin biyan 850 ɗin nan. Wata Hajiya mai shagon abaya a Alabar ta danna *170#, ta sa lambar da ya ba ta, ta sa kuɗin, sai sunan mai asusun ya fito kafin ta sa lambar sirri, kamar yadda MoMo ke yi kullum. Sunan ba nasa ba ne, kuma ba na kamfani ba ne, sunan wata mace ne daban. Ta tsaya. Ta kira shi a take ta ce, "Ɗana, wannan ai ba sunanka ba ne." Ya ce, "Hajiya, akawunmu ce, ita ke riƙe kuɗin ofis." Shi ke nan. Ta sa lambar sirri. Ta ga alamar, ta yi tambayar da ya kamata, amsar ce aka riga aka tanada. Wannan daƙiƙar da sunan ya fito a allo ita ce komai. Duk sauran da aka zanta da su haka suka faɗa, suna ya fito daban, amsa iri ɗaya, akawunmu ce. Kuma sunan matar ba ɗaya ba ne a wurin kowa.

To bari in koma baya, don ajin ne farko. Ko kuwa taswirar ce farko a wurin wasu, ya danganta da inda ya kama mutum. Ajin dai gurup ne na WhatsApp da aka kulle, shi kaɗai ke iya rubutu. Yana jefa bidiyo na Turanci, kuma idan ka duba kusurwar bidiyon da kyau za ka ga sunan tashar YouTube ta wani daban da bai ma iya gogewa ba. Kayan mutane ne da suka sa kyauta ya sauke yana sayarwa 350. Bayan sati biyu sai ya turo takardar shaida mai tambarin Google, wadda kowane yaro mai manhajar zane ta Canva a waya zai iya haɗawa kafin a gama shan shayi. Google na da darasin koyon talla a intanet kyauta, Meta, kamfanin da ke da Facebook, ma na da nasa mai suna Blueprint, darussan kyauta ne. Kana shiga da adireshin imel ɗinka, kana yin darasin da kanka, kuma duk shaidar da za ta fito a asusunka take fitowa, ba wani ne zai turo maka ita a WhatsApp ba. Dalilin kulle gurup ɗin kuwa a fili yake: kada ɗalibai su yi magana da juna su gane cewa babu wanda ya ga cinikin da aka yi masa alkawari.

Maganar taswira ita ce mutane ba su ɗauka da muhimmanci ba, alhali ta fi kuɗin illa. Sa shago a Google Maps kyauta ne, ta hanyar Google Business Profile. Ana buɗewa da Gmail, a sa sunan shago, wuri, lambar waya da lokacin buɗewa, sai Google ya nemi tabbaci, sau da yawa ta ɗan bidiyo da ke nuna ƙofar shago da allon suna da kayan ciki. Ko kobo ba a biya. Shi ya karɓi 250, sannan ya buɗe da Gmail ɗinsa. Ma'ana a wurin Google shi ne mai shagon. Yana iya canja lambar waya duk sa'ad da ya so, kuma ya canja. Mai neman abaya a Kumasi ya bincika, ya ga hoton shagon Hajiya na gaske, ya kira lambar da ke ƙasa, ɓarawon ne zai ɗauka ya ce a turo rabin kuɗi a MoMo kafin a kawo kaya. Wa za a zo a yi wa rashin mutunci a Alabar? Hajiya, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Sai 850 ɗin. Na ce 850, amma a wurin wata ya ƙara sidi 20 wai na E-Levy, harajin gwamnati kan tura kuɗi ta waya. E-Levy da aka soke tun watan Afrilun 2025! Ko a lokacin da yake aiki, tun daga 2022, daga asusun mai turawa ake cire shi kai tsaye, ba a taɓa ba mai karɓa shi a hannu ba. Har wannan ashirin ɗin bai bari ba.

Kuɗin talla a Facebook da Instagram Meta ake biya, daga asusun talla na mai shafin, da katin banki ko wata hanyar biya da aka sa a cikin asusun, kuma kowace cira tana da rasit a ciki. Mai taimaka maka yana iya karɓar ladan aikinsa daban, wannan halal ne, akwai yaranmu masu gaskiya da ke yin sa a Zango. Amma kuɗin tallan kansa ya kamata ka gan shi yana fita a asusunka. Shi kuwa bai sa talla ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ya sayo mabiyan bogi da 'yan canji kaɗan. Cikin kwana biyu shafi ya tashi daga ɗari uku zuwa dubbai, Hajiya ta yi murna har ta nuna wa maƙwabta, su ma suka biya. Da aka buɗe ɓangaren da ke nuna garuruwan mabiyan, babu Kumasi a sama, babu Accra, babu Tamale, sai wasu ƙasashe can da ba su taɓa jin sunan Alabar ba. Kuma irin waɗannan mabiya kashe shafi suke yi. Facebook na duba yadda waɗanda suka fara ganin hoto suka karɓe shi kafin ya ƙara yaɗa shi. Idan dubban da ke biye da kai asusun banza ne, ba sa so, ba sa sharhi, ba sa tambayar farashi, to hotonka ba zai yi nisa ba, har kwastomominka na gaske su daina ganinsa.

Gane ko an sa talla abu ne na minti biyu, kuma wannan ne ke ƙona min rai. Akwai Meta Ad Library, shafin intanet da ke nuna tallace-tallacen Facebook, kowa na iya buɗewa. Ka zaɓi Ghana, ka zaɓi dukkan tallace-tallace, ka rubuta sunan shafinka. Idan akwai tallan da ke gudana za ka gan shi da ranar da ya fara. Amma a lokacin da aka ce tallan na tafiya za ka duba, don tallan kasuwanci idan ya ƙare yakan sauka daga wurin. Haka shafinsa shi ma, a ɓangaren Page transparency ana ganin ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Nasa ya canja suna fiye da sau ɗaya, kuma sunayen baya ba su da alaƙa da koyarwa ko kaɗan. Hotunan ɗaliban kuma da aka sa a Google Lens, mai binciko asalin hoto, sai ga su a wasu shafuka na wata ƙasa, an dai canja rubutun allon bayansu. Duk wannan ina da hotonsa.

Na manta ban faɗi yadda ya ƙwace shafin ba, kuma kafin biyan 850 ɗin ne ma. Cewa yake ba zai iya sa talla ba sai an ba shi dama a shafin. Facebook na da matakai: ana iya ba mutum izinin sa talla kawai, ana kuma iya ba shi cikakken iko. Wanda ke da cikakken iko yana iya cire kowa, har wanda ya buɗe shafin. Shi yakan karɓi wayar da kansa, ko ya kira ta bidiyo yana cewa "Mma, danna nan, sai ki danna nan, sa lambar sirrinki," har ta kunna maɓallin cikakken ikon ba tare da ta san me ta kunna ba. Mai sa talla ba ya buƙatar wannan ko kusa. Daga baya sai ta wayi gari shafin da ta shekara da shekaru tana tarawa ba ya hannunta. Ta kira, ya ce Facebook ne suka rufe, a kawo 600 a buɗe. Facebook ba sa karɓar kuɗin buɗe shafi ta MoMo ɗin kowa. Wadda ta biya 600 ɗin, lissafinta ya zama 2,050, kuma shafin bai dawo ba, lambarsa ma ta daina shiga. Wata kuma ya ce ta karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarta don ya haɗa WhatsApp ɗinta da tallan. Lambar rajistar WhatsApp ce. Ya ɗauke asusun, ya bi 'yan uwanta da kwastomominta yana roƙon kuɗi da sunanta.

Kunya ce ke ba shi dama. Kowace tana ganin ita kaɗai aka yi wa, tana tsoron mai gida ya ji ko 'ya'ya su yi mata dariya, sai ta yi shiru, shi kuma ya matsa gurup na gaba. Abin takaici ne a ce a unguwarmu, da yara masu ilimin waya a kowane gida, ana yi wa iyayenmu haka. Sidi 1,450 ribar abaya nawa ce? Kuma har yanzu ina komawa kan wancan suna da ya fito a allo. Ta gani fa. Ta tambaya.

Wadda aka riga aka cuta, kada ta goge komai. Ta ajiye saƙon MoMo mai lambar cinikin, da hirar, da lambar da aka tura wa kuɗin. Ta kira kamfanin layinta nan take, na MTN 100 ne, don idan an riga an cire kuɗin a wurin wakilin MoMo dawo da su na da wuya. Ta kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, ta kuma kai ƙara wurin 'yan sanda. Shagon da ke taswira ana iya neman a dawo da mallakarsa ta cikin Google Business Profile da Gmail ɗinta. Ta sanar da kwastomomi cewa tsohon shafin ba nata ba ne yanzu.

Sauran ku: suna ya fito daban a MoMo, ku fasa. Kada ku ba kowa cikakken iko a shafi, kada ku karanta wa kowa lambar da ta shigo wayarku, ku kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook yau ɗin nan. Wanda ya biya mutumin nan ko sidi ɗaya ya yi min magana ta akwatin saƙo, ana haɗa shaidun wuri ɗaya kafin a kai.