Muze, Kure, bakin kogi ko garka: ina ya kamata mu kai yara su ga duniya da idonsu?

Iyaye ƴan uwana na Yamai, in bakansi ta zo ko ranar lahadi, yara suna kwance a salo kowa da portabul a hannu, yaro ɗan shekara goma ya san sunan ƴan ƙwallon Turai kaf amma bai iya rarrabe gawo da aduwa ba, abin nan yana damuna ƙwarai. Kuma da yawanmu muna son fitar da su, kuɗi da tsoro da rashin sanin inda za a fara ne ke tsaida mu. To ga yadda nike ganin zaɓin da muke da shi a garin nan, da abin da kowane zai ci ma aljihu, da abin da yaro zai samu.

Mu fara da Muze, wato gidan tarihi na Bubu Hama, don shi ne mafi sauƙi, yana tsakiyar gari kusa da gadar Kennedy, taksi ɗaya ya kai ku, kuɗin shiga kuma ba mai karya mutum ba ne. Tun 1959 aka buɗe shi. A wuri guda yaro zai ga zaki da kura da kada da dorina, ya ga irin ɗakunan gargajiya na ƙabilun ƙasar nan, ya tsaya gaban masaƙa da dukawa da maƙeran azurfa suna aiki da hannu. Amma abin da ya fi ɗauke ma yara hankali shi ne ƙasusuwan dinozor, wato manyan dabbobin zamanin da, da aka tono a jihar Agadez, waɗanda suka haura shekara miliyan 100, kuma a nan za ka iya gaya mishi akwai wani da aka samu a Gadufawa har aka sa mishi sunan ƙasarmu, Nigersaurus, mai haƙora wajen 500 a baki, tsirrai kawai yake ci. Akwai kuma gangar itacen Tenere, itace guda tilo da ya tsaya cikin hamada ayari suna gane hanya da shi, har wata babbar mota ta kaɓe shi a 1973 aka kawo shi nan. Inda Muze ya gaza shi ne dabba a keji ba ta nuna halinta, zaki yana kwance ne kawai yana haki, kuma in kun tafi ranar sallah cunkoso ba zai bar yaro ya ga komi ba sai ƙeyar mutane. Ku je da safe ranar da ba biki, ku ɗauki ruwanku, kuma kar ku ce sai kun zagaye komi rana ɗaya, ƴan ƙanana awa biyu ta ishe su.

Kure kuma wani abu ne daban. Kilomita wajen 60 ne daga Yamai a hanyar Doso, nan ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke yawo a sake cikin gonakin mutane, ba shinge ba keji. A 1996 guda 49 suka rage a duniya gaba ɗaya, da aka tsaya aka kiyaye su suka haura 600, har a 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun dajin Gadabeji. Da damina suna kan tudun Kure, da rani su gangara wajen Dallol Boso neman ganyen gawo, shi ya sa ba a tafiya haka nan sai da ɗan jagora na garin wanda ya san inda suka kwana. Yaron da ya ga raƙumin dawa ya miƙa wuya yana cin ganye a kan itace wallahi ba zai manta ba. Sai dai shi ne mafi tsada cikin duka, ga esansi ko hayar mota, ga kuɗin shiga, ga na ɗan jagora, ga abinci, jikkuna ne masu yawa za su tafi rana guda. Kuma maganar tsaro ba abin da za a rufe ba ce, kowa ya tuna ranar 9 ga Agusta 2020 da aka kashe mutum 8 a wurin, cikinsu har da ɗan jagora da direba ƴan ƙasa. Ni shawarata kar uba ya ɗauki iyalinshi ya kama hanya don wani ya ce mishi lafiya lau ne a WhatsApp, a tambayi jami'an tsaro da ma'aikatan gandun daji tukuna, in sun ce a dakata a dakata. Gandun namun daji na W kuwa a halin da ake ciki ku cire shi daga lissafi.

Bakin kogi yana tsakiya, ba tsada sosai ba kuma ba kyauta ba. Kogin Isa ya taso tun daga Gine, tsawonshi ya wuce kilomita 4,000, ya ratsa ta ƙofar gidanmu amma yara da yawa daga kan gada kawai suke ganinshi. Shiga jirgin ruwa da maraice yana da daɗi, za su ga zalɓe da balbela da masunta suna jefa birgi, da fadamun shinkafa na wajen Saga, in an yi sa'a a hangi dorina daga nesa, kuma nesan nan ita ce daidai, dorina ba abin matsawa ba ce musamman mai ɗa. A yi ciniki kafin a shiga, a duba jirgin ko yana shan ruwa, kar a yarda a cika shi, in ba rigar ceto ga yara ni dai ban ga dalilin shiga ba, a zauna a gaɓa ma an ga abin gani. Watan Agusta da Satumba lokacin da ruwa ke cika ya yi ja, a bar shi kwata-kwata. Sannan kar a bar yara su yi wanka ko wasa cikin ruwan da ya kwanta a gefe, nan ake ɗaukar tsargiya, ƙwayar tana fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata, bayan wani lokaci ka ga yaro yana fitsarin jini. In ma hakan ta faru a kai shi likita, akwai magani.

Yanzu ga wanda ni na fi so, kuma shi ne mutane suka fi rainawa: garka. Bakin Korniche na Yantala da na Gamkale da kwarin Gunti Yena duk masu garka ne, salati, kabeji, tumatir, zogale, albasa. Ka je ka yi sallama, ka ce baba don Allah yaran nan nike so su ga yadda ake ban ruwa, da wuya ya hana, in za ku tafi ka sayi kayan miya wurinshi, ka ga kuɗin ma ba su ɓata ba tunda dama sai ka saye su a kasuwa. Abin da ya sa na fifita shi, Kure sau ɗaya za ka je a shekara in ma ka je, garka kuwa kowane sati za ku iya komawa, yaro ya ga abin da aka dasa ya girma, ya ga tsutsa ta ci ganye, ya tambayi mi ya sa. Ilimin yana cikin komawar nan.

Kuma ana iya kawo garkar gida ko da haya kuke. Tsohon bido a yanke shi a huda ƙasan, a zuba ƙasa da ɗan taki, a shuka wake, cikin kwana 3 zuwa 5 ya tsiro, yaro mai gajen haƙuri da shi za a fara. Gyaɗa ta fi ban mamaki, tana fure a sama sannan ta sunkuyar da shi cikin ƙasa ta yi ƴaƴa a can. Zogale kuma in ya kama kun samu na kwaɗo. A ba kowane yaro bidonshi da sunanshi a jiki, shi ke ban ruwa, in ya bushe ya gane dalili. Ranar 3 ga Agusta da ake dashen itace sai a sai mishi dashe guda wurin masu saidawa a bakin hanya, mangwaro ko lemu ko bedi.

Kayan da za a saya ba su da yawa. Kaye da kireyo su ne na farko, yaro ya zana ganyen da ya gani ya rubuta sunanshi da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, ya tambayi kakarshi amfaninshi, tsofaffi sun san sabara da kalgo da magarya fiye da abin da ke cikin littafin lakwal. Na biyu lup, madubin nan mai ƙara girman abu, yana da araha kuma ƙafar fara ko fiffiken malam-buɗe-littafi a ƙarƙashinshi abin kallo ne, amma a ja kunne, in aka tara rana da shi yana kunna wuta. Madubin hangen nesa shi ne mai ɗan tsada kuma nan ake cutar mutane, na roba masu launi da ake saidawa cikin kayan wasa yawanci hazo kawai suke nunawa. Ku duba lambar jikinshi, misali 8x30, ta farko yawan kusantarwa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita, ga yaro 6 zuwa 8 ya isa, in ya wuce haka hoton rawa yake yi a hannunshi. Ka gwada a gaban mai shago, ka kalli rubutu daga nesa, in ka ga abu biyu-biyu ka ajiye mishi kayanshi. Kuma kar yaro ya kuskura ya kalli rana da shi, ido yake ƙonawa. In kuɗin ɗaya gare ka, lup da kaye sun fi. Abin ban ruwa ƙarami kuma a kasuwar Katako maƙera suna yinshi da gwangwani, ya fi na roba ƙarko.

Lokaci ma a duba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne fita ta fi daɗi, Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, in dole ne a fita da sassafe a dawo kafin ƙarfe 10. Da damina komi ya yi kore, shamuwa ta dawo, ƙwari sun fito, amma a koma gida kafin magariba saboda sauro. Takalmi mai rufe ƙafa, hula, ruwa mai yawa, kuma a hana su cusa hannu cikin rami ko ɗaga dutse da hannu, kunama da kububuwa nan suke ɓoyewa.

In ƴaƴanka ba su kai shekara 6 ba, Muze da bidon wake sun ishe ku bana. Daga 7 zuwa 12 a ƙara garka da lup da zaman bakin kogi. Kure a bar shi ma manyan, a haɗa kuɗi gida biyu ko uku a ɗauki mota ɗaya, ranar da hukuma ta ce hanya ta yi kyau.