Wane madubin hangen nesa ya dace da mai son ganin Mushtari da Zuhal?

Mai karanta ƙagaggun labaran kimiyya ya saba da manyan duniyoyin iskar gas, inda jirgi ke nutsewa cikin gajimare ba tare da ya taɓa samun ƙasar sauka ba. Ina cikin rubuta irin wannan labari ne na ga bai kamata in siffanta abin da ban taɓa gani da idona ba, alhali Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) suna nan a samanmu. Abin da ya sa na shiga neman madubin hangen nesa ke nan.

Zaɓina shi ne Dobsonian mai faɗin milimita 200, ko 150 idan nauyi zai dame ka. Bututu ne mai madubi a gindinsa, zaune kan akwatin katako da ake juyawa da hannu, tsarin da John Dobson ya yaɗa a Amurka. Kusan duk kuɗinka yana tafiya ne ga madubin, kuma faɗin madubi shi ke fito da ƙananan siffofi. Da shi na fara ganin ratsi biyu masu duhu a jikin Mushtari, da watanninsa huɗu da Galileo ya hango a 1610: Io, Europa, Ganymede da Callisto. Da yake Mushtari na kammala juyawa cikin ƙasa da awa 10, a dare ɗaya sai ka ga fuskarsa ta sauya, babban jan tabon nan ya leƙo ya wuce. A daren da iska ta lafa, har tsagin Cassini da ke tsakanin zobban Zuhal yana fitowa. Zobban sun juyo mana gefe a Maris 2025, yanzu suna sake buɗewa shekara bayan shekara. Aibin Dobsonian shi ne girma, da daidaita madubai lokaci zuwa lokaci, sannan dole ka riƙa tura shi kaɗan-kaɗan domin duniyar tana zamewa daga gani. Hannu na sabawa da wannan cikin dare biyu.

Maksutov, gajeren bututu mai madubi a gindi da gilashi a baki, mai milimita 127 yana da kyau ga mai ƙaramin wuri, sai dai ƙafa mai ƙarfi da za ka ɗora shi a kai za ta ci maka kuɗi. Ƙaramin mai gilashi a gaba kuwa, idan mai araha ne, shuɗin baki zai yi wa Mushtari.

Ga inda aka cuce ni. Na farko da na saya, an rubuta a kwalinsa cewa yana ƙara girma sau 525, ga hoton Zuhal kamar ka taɓa. Faɗinsa milimita 60 ne kacal. Ƙa'idar ita ce ka ninka faɗin sau biyu, wannan ne iyakar girman da zai yi amfani, wato sau 120 ga irinsa. Abin da ya wuce haka hazo ne kawai. Ƙafarsa kuma ko numfashi ka yi sai ta yi rawa, Zuhal ya ɓace. Duk wanda ya sa lambar ƙarin girma a gaba ya ɓoye faɗi, ka bar masa kayansa. Hotunan kwali galibi na jiragen bincike ne ko na madubin Hubble da ke sararin samaniya, idonka ba zai ga haka ba.

Ka duba gilashin ido ma, wato ƙaramin gilashin da ake leƙawa ta cikinsa. Na kirki faɗin gindinsa inci 1.25 ne, tsohon mai inci 0.965 da wuya ka sami madadinsa, wasu ma roba ce aka goge. Akwai wata dabarar kuma: bututu gajere amma an rubuta tsawon haskensa, wato nisan da haske ke yi daga madubi zuwa inda yake taruwa, milimita 1000. An cusa ƙarin gilashi ne a ciki don a ƙara tsawon, kuma daidaita irin wannan azaba ce ga sabon shiga. Gwada tsawon bututun da lambar da aka rubuta. Idan kusan rabinta ne kawai ko ƙasa da haka, kuma ba Maksutov ko danginsa ba ne, ka tambayi mai sayarwa abin da ke cikin wuyan da ake sa ido kafin ka biya.