Kafin Ka Biya Kuɗin Kwas ɗin Share Fagen Jami'a, Tambayi Wa Zai Duba Rubutunka

Ɗalibin da ya fito daga sakandare da sakamako mai kyau yakan ɗauka ya gama da batun karatu da rubutu. Jami'a kuwa wani abu daban take nema: a ba ka maƙala mai shafi talatin, ka zaƙulo hujjar marubucinta, ka faɗe ta da kalmominka, ka kawo masanin da ya saɓa masa, sannan ka nuna inda ka samo kowace magana bisa tsarin APA ko MLA. Masu sayar da wannan ƙwarewa sun yi yawa, kuma ma'auni ɗaya nake auna su da shi: akwai mutumin da zai karanta abin da ka rubuta, ya dawo maka da shi cike da jan biro?

Shi ya sa na fi son ƙaramin aji mai malami tsayayye, ido da ido ko ta intanet. Malamin ƙwarai ba ya tsayawa kan waƙafi da aya. Zai ja layi ƙarƙashin sakin layinka ya rubuta, "Ina hujjarka?" Zai sa ka sake rubuta aiki ɗaya har sai ya miƙe, kuma a wannan maimaicin ne hannu yake faɗawa. Zai koya maka fara karanta maƙala daga tsakure da kammalawa kafin ka nutsa cikinta, da ɗaukar bayani irin na tsarin Cornell, inda ake raba shafi: tambayoyi a hagu, bayanai a dama, taƙaitawa a ƙasa. Kafin ka biya, tambayi yawan ɗaliban ajin, da sau nawa za a duba aikinka, ka kuma ce a nuna maka aikin wani da aka gyara, an rufe sunansa. Wata cibiya ta taɓa karɓar kuɗina a kan alkawarin gyara, abin da ya dawo mini maki ne kawai da "ka yi ƙoƙari". Tun daga nan in ban ga samfurin gyara ba, ba na sakin ko sisi. Jami'o'i da dama ma suna da cibiyar koyar da rubutu kyauta ga ɗalibansu, sai ka fara bincika can.

Shafukan koyarwa ta intanet irin su Coursera da edX suna da darussa masu kyau, amma galibi na'ura ce ko ɗalibai 'yan'uwanka suke duba aikin. Littafi aboki ne, sai dai ba ya ce maka ka yi kuskure. Manhajar Grammarly nahawu take gyarawa, ba tunani ba. Purdue OWL (shafin koyar da rubutu na Jami'ar Purdue) da Zotero (manhajar tsara madogara) kyauta ne, duk wanda ya caje ka a kansu ya cuce ka.

Sai 'yan damfara. Mafi haɗarinsu su ne masu rubuta wa ɗalibi aiki, waɗanda suke fakewa da sunan "taimakon karatu" ko "amsar misali". Ostireliya ta haramta sana'ar a 2020, Ingila ta bi sahu a 2022. Bayan haɗarin kora, wasunsu sukan dawo daga baya su ce ka ƙara kuɗi ko su kai ƙararka makaranta, ga sunanka da rasidinka a hannunsu. Akwai masu alkawarin Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ba zai kama komai ba. Ai wanda ya yi maka wannan alkawari ya riga ya gaya maka sata yake koyarwa. Akwai masu takardar shaida mai tambarin zinariya da suke cewa jami'o'i sun amince da ita: rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai da kanka ka tambaya. Akwai kuma mujallun bogi da suke buga kowace irin maƙala cikin 'yan kwanaki muddin ka biya, wai don a ƙawata takardar neman gurbi. ChatGPT ma yakan ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su, don haka duk madogarar da ya ba ka, neme ta a Google Scholar ko kundin laburare kafin ta shiga aikinka.