Amlodipine ya sauke min jini, amma jijiya ba ta koma sabuwa ba

Na daɗe ina shan amlodipine, maganin hawan jini, kullum da safe. Da miligiram 5 aka fara min, daga baya aka kai 10. Masu tambaya ko yana aiki, amsa ita ce yana yi. Ƙwaya ɗaya ce a yini, kuma ko da azumi ba ya ba ni wahala, likita ya ce in mayar da shi bayan buɗa-baki.

Inda maganar take shi ne lambar sama, cikin lambobi biyun da awon hawan jini ke nunawa. Ta ƙasa ta daɗe da kwantawa wajen 75, ta sama kuwa ta kafe kusa da 145. Da na yi wa likitana ƙorafi a asibitin da nake zuwa a Unguwar Rimi, Kaduna, sai ya ce, "Baba, tazarar da ke tsakaninsu za ka duba. Idan ta wuce 60 a mai shekarunka, alamar jijiya ta yi tauri ce." Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya tana da laushi a ƙuruciya: zuciya ta harbo jini, ta buɗe, ta koma. Shekaru da hawan jini da ciwon suga da taba su ke cinye wannan laushin, har ta zama kamar tiyon da ya shekara a rana. Maganin yana sassauta jikin jijiyoyi, matsi ya ragu, lalacewar ta rage gudu. Abin da tsufa ya riga ya ci kuwa ba ya dawowa. Shi ya sa idan na ji masu lasifika a bakin kasuwa suna tallar maganin "wanke jijiya", sai in ƙara sauri.

Kuma ba duk maganin hawan jini ne ɗaya ba a wannan fanni. Binciken CAFE na 2006 ya nuna cewa masu shan amlodipine sun fi masu shan atenolol, wani maganin hawan jinin, samun sauƙin matsi a babbar jijiya, alhali awon hannu kusan ɗaya yake nunawa. A 2019 kuma binciken CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya gano cewa haɗin magunguna da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Wannan ya kwantar min da hankali, don a kan irinmu aka gwada.

Aibin amlodipine a wurina kumburin ƙafa ne. Lokacin zafin Maris da Afrilu, kafin la'asar sau-ciki ya matse ni. An ƙara min wani maganin hawan jinin, lisinopril, kumburin ya ragu, sai busasshen tari ya hana ni barci, aka canza min lisinopril ɗin zuwa losartan. Yanzu lafiya lau, har ina zagaya Dandalin Murtala da ƙafa bayan asuba.

Kuɗin amlodipine ya tashi, kuma farashin kemis a Kawo daban yake da na Tudun Wada. Ni dai ba na saye sai na ga lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Uwargida kuma ta rage dunƙule a miya, tunda gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi bai kai giram 5 a yini ba, kodayake yara har yau suna mita.