Koton Dare: Abin Da Ya Kamata Ka Saya Kafin Ka Nemi Babban Bas A Cikin Ciyawa

Wani ƙanena da ya zo karatu Texas ya bi ni kamun kifi sau biyu a tafkin Sam Rayburn, abin ya shiga ransa. Ranar nan ya kira ni daga cikin shagon kayan su, ya ce, "Yaya, ga bango guda cike da koto, wanne zan ɗauka?" Na ce masa ya fito tukuna kada ya sayi komai, mu zauna. Abin da na gaya masa a zaman nan shi ne nake rubutawa, don na san akwai 'yan'uwa da dama a ƙasar nan da sha'awar fatsa ta kama, kuma shagunan sun iya ɗaukar ido.

Bas, ga wanda bai san shi ba, kifin Amurka ne mai ƙaton baki. Halinsa ɗaya da na giwan ruwa: ya laɓe ya yi kwanto, abinci ya zo wucewa ya haɗiye shi gaba ɗaya. Amma bai kama ƙafar giwan ruwa a girma ba. Wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932 kilo 10 ne da ɗan ɗoriya, kuma sai a 2009 Manabu Kurita ya kamo daidai da shi a tafkin Biwa na Japan. Saboda haka idan na ce babba, ina nufin kilo 3 zuwa 4 ko sama da haka. Irin waɗannan sun daɗe a duniya, sun ga koto iri-iri, kuma daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da zafi da hayaniyar jirage suka cika tafki da rana, yawancinsu sai dare suke sakin jiki su fito farauta.

Kafin ka taɓa aljihu, ka fahimci yadda kifin ke gano abinci a duhu. Akwai wani layi da ya bi gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin motsin ruwa na kusa da shi. Ido kuma bai daina aiki ba, sai dai launi ya ɓace masa, inuwa kawai yake gani idan abu ya gitta tsakaninsa da hasken sama. Wannan ya sa baƙin koto, ko baƙi da shuɗi, ya fi kowane fita da dare. Koto mai ado kamar amarya, mai ido da ɓawo da zanen kifi na gaske, kuɗin adonsa kake biya, kuma babu mai ganin adon nan ƙarfe biyu na dare a zurfin mita biyar. Tambaya biyu kawai nake yi wa kowane koto: yana tura ruwa har kifi ya ji shi? Yana ratsa ciyawa ya fito ba tare da ya yafo ta ba?

Ciyawar kanta tana da nata karatun. Wadda aka fi sani a manyan tafkunan gabashin Texas, irin su Sam Rayburn da Toledo Bend, ita ce haidirila. Baƙuwa ce, ta shigo Florida a shekarun 1950 ta hannun masu sayar da tsirran ado na kwalin kifi, ta bazu. Tana tsirowa daga ƙasa ta miƙe kamar bango, a ruwa mai tsabta har zurfin mita 5 ko 6. Da rana tana ba ruwa iskar shaƙa, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi, don haka tsakiyar kurminta iska na raguwa yayin da asuba ke gabatowa. Manyan kifaye sukan dawo bakin bangon, ta ɓangaren zurfi, ko saman ciyawar inda akwai sarari. Nan koton ka zai yi aiki, ba can cikin cunkoson ba.

Idan kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi tanar roba. Doguwa, inci 10, wato kusan santimita 25, mai wutsiya lanƙwasasshiya da ke kaɗawa idan tana nutsewa. Nick Creme ne ya fara sarrafa tanar roba a 1949 a Ohio, daga baya ya dawo da masana'antarsa garin Tyler a nan Texas, kuma har yau ban ga abin da ya kai ta aminci a ciyawa ba. Power Worm ta kamfanin Berkley da Ol' Monster ta Zoom duk suna aiki. Ta farko tana da wari da ɗanɗano da ke sa kifi ya daɗe riƙe da ita a baki, ta biyu ta fi yawa a leda kuma ta fi sauƙi a aljihu. Sirrin yana wajen ɗauri. Ana yi mata ɗaurin da ake kira na Texas: dalma mai siffar harsashi a gaba, ƙugiya lamba 5/0, sannan a mayar da tsinin ƙugiyar a binne shi cikin jikin robar. Haka za ta sulale tsakanin ganye kamar maciji. Nauyi giram 10 zuwa 14 ya isa a bakin ciyawa. Aibinta ɗaya, tana son haƙuri. Ka jefa, ka bari ta kai ƙasa, ka ɗaga kaɗan, ka dakata. Cizon babban kifi sau da yawa ba fizga ba ne, nauyi kawai za ka ji kamar ka taɓa jiƙaƙƙen tsumma, ko zare ya fara tafiya gefe. Wanda bai saba ba zai yi asarar da yawa kafin hannunsa ya gane.

Na biyu a wurina shi ne sifina, koton nan mai waya kamar buɗaɗɗen fil, ƙugiya da gezar roba a ƙasa, cokali mai juyawa a sama. A nan ne mutane ke yin kuskuren saye. Iri biyu na cokalin ne aka fi gani. Akwai siriri mai siffar ganye, wanda aikinsa walƙiya, na rana ne. Akwai mai faɗi, zagayayye, wanda za ka ga an rubuta masa Colorado a jikin kwali. Shi ne na dare, don bugunsa har a hannunka kake jin sa, dum-dum-dum. Ka nemi mai cokali ɗaya babba, baƙar geza, gajeren hannu, nauyi giram 14 zuwa 21. Mai nauyin ya fi zama a zurfi, domin faffaɗan cokali yana ɗaga koto sama. Ka janyo shi a hankali, iyakar yadda cokalin zai ci gaba da juyawa, yana shafar kan ciyawa. Da zarar bugun ya tsaya, ko dai ganye ya naɗe shi ko kifi ya ɗauka, kuma a duka biyun magani ɗaya ne: ka fizga. Sifina ya fi tana saurin bincike, da shi nake gano inda kifi yake, sannan in koma tana in zauna a wurin. Inda ya gaza shi ne ciyawar da ta kai saman ruwa ta yi tabarma.

Jig ya zo na uku, ko da yake manyan masunta da yawa za su sa shi farko idan ana maganar girman kifi ba yawansa ba. Kan dalma ne da ƙugiya mai kauri, da geza, da 'yan tsinkayen roba da ke kare tsini. A soka masa robar da ta yi kama da jatan lande mai ƙafafu masu kaɗawa. A duba kan da kyau: mai tsini, wanda idon ɗauri yake a gaba, shi ke ratsa ciyawa, mai faɗi kamar ƙwallo na duwatsu ne, a ciyawa tsintsiya zai zame maka. Mai ɗan kacau-kacau a jiki yana taimakawa a duhu. Akwai ɗan'uwansa mai ƙaramin faranti a gaba, wanda aka fi sani da ChatterBait na kamfanin Z-Man, yana karkarwa sosai kuma yana fizgewa daga haidirila da kyau. Abu ne mai kyau, amma aikinsa ya yi kusa da na sifina, wasu nau'o'insa kuma tsada gare su. Ba sayen farko ba ne.

Koton saman ruwa shi ne mai shiga rai. Jitterbug na kamfanin Arbogast, tun ƙarshen shekarun 1930 ake kama kifi da shi da dare, sautinsa kamar ana zuba ruwa daga tulu. Ga mai farfela da ke yanka ruwa da ƙara, ga kwaɗon roba da ke bin kan bado. Duk wanda ya taɓa jin babban bas ya fasa ruwa a kan koto cikin shiru ba zai manta ba. Amma mu zurfi muke magana. Kifin da ke mita biyar ba kasafai yake tasowa ba, sai a daren da ruwa ya kwanta luf kuma ciyawa ta taso kusa da sama. Jitterbug kuma ƙugiyoyinsa masu baki uku ne, a buɗe, sarari yake so. Ka sayi baƙi guda ɗaya ka ajiye don irin wannan dare.

Wanda zan ce ka bari a shago shi ne koton katako ko roba mai dogon leɓe da ke nutsewa ƙasa. Yana kai wa zurfin, gaskiya ne, amma da tsini shida a buɗe yake shiga ciyawa. Da rana kana iya ganin hanya ka kauce, da dare kowace jifa tsinke ganye za ka koma yi. Ga haɗarin cire irin waɗannan ƙugiyoyi daga bakin kifi mai tsalle a cikin duhu.

Kuɗin da ka rage, ka zuba shi a zare. Na taɓa rasa kifin da har yau nake tunaninsa saboda siririn zaren roba: ya ɗauki tana, ya nutsa cikin haidirila, zaren ya yi ta miƙewa har ya tsinke. Zare mai kitso, mai ɗaukar fam 50, kusan kilo 23, ba ya miƙewa, yana yanka ciyawa, kuma yana kawo maka ƙaramin taɓi har tafin hannu. Da rana ana tsoron kifi ya gan shi, da dare wannan damuwa ta ragu ƙwarai. Yana buƙatar sanda mai ƙarfi, ƙafa bakwai ko ɗan fiye. Batun nauyi kuma, wani ƙarfe da ake kira tangistin ya fi dalma nauyi a ƙaramin jiki, don haka ya fi shiga ciyawa kuma ya fi isar da ji, sai dai kuɗinsa ya ninka. Guda uku sun ishe ka. A tokare su da ɗan robar tsayarwa don kada nauyin ya rabu da tanar a cikin ganye.

Kayan dare su zama kaɗan, domin a duhu ba a bincike a akwati. Ni sanda biyu nake ɗaurewa tun kafin magariba, ɗaya tana, ɗaya sifina, jig biyu a aljihun riga. Fitilar goshi mai jan haske ba ta kashe maka ido. Lasisin su na jiha, rigar hana nutsewa a jiki, fitilun jirgi a kunne, waɗannan ba a ciniki a kansu, kuma a gabashin Texas akwai kada, kada ka tsoma hannu a ruwan da ba ka gani.

Ƙanen nawa ya koma shagon washegari. Ya sayo leda biyu na baƙar tana, ƙugiyoyi, nauyi uku, sifina ɗaya mai zagayayyen cokali, jig ɗaya, da ƙullin zare mai kitso. Jitterbug ɗin da ya ƙwallafa rai a kai, na ba shi nawa aro har zuwa farin wata mai zuwa.