Jar hodar da ta dawo da Ixorata kore, da abin da ta kasa yi

A gaban ɗakin baƙi na gidanmu a Zariya akwai wani dogon dakali mai rami da birkila ya gina da bulo, tsayinsa ya kai gwiwa, tsawonsa kamar taku goma sha biyu. Da muka tare na sa aka cika shi da ƙasa, na dasa Ixora guda bakwai a jere, irin mai jan furen nan da ke fitowa dunƙule-dunƙule. Shekarar farko duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya duba. A shekara ta biyu, hunturu na wucewa, sai na ga sabon tofon yana fitowa ruwan ɗorawa. Kafin zafin watan Afrilu ya kankama wasu ganyen sun koma kusan fari fat, fure kuwa ya ɗauke gaba ɗaya.

Wurin wani dattijo mai sayar da dashe a bakin titi na fara zuwa, wanda a hannunsa na saye su. Ya juya ganyen da na kai masa, ya ce, "Hajiya, yunwa ce. Ki ba su abinci." Na ce, "Baba, wane iri?" Ya ƙullo mini takin zamani NPK 15-15-15 a leda. Ban ga laifinsa ba, don sau da yawa idan shuka ta yi rawaya maganar ke nan. Na barbaɗa, na yi ban ruwa, na jira mako uku. Tsofaffin ganyen ƙasa suka ƙara duhu, na sama suka ƙara fari. Sai na ɗauka ƙishi ne, na koma ba su ruwa safe da yamma, wanda daga baya na gane gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Ƙanina ne ya warware mini, wanda ya yi karatun noma a Samaru. Ya zo gaisuwa, ya tsuguna gaban dakalin tun kafin ya shiga ciki, ya ce, "Yaya, dubi jijiyoyin ganyen nan." Na duba. Ganyen rawaya ne amma jijiyoyinsa kore shar, kamar an zana su da biro. Ya ce wannan alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce. Idan naitirojin shuka ta rasa, tana kwaso shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo, shi ya sa ganyen ƙasa ke fara yin rawaya, kuma baki ɗayansa har jijiyar. Ƙarfe kuwa inda ya zauna nan ya zauna, shuka ba ta iya ɗauko shi daga tsohon ganye, don haka sabon tofo ne ke shan wahala. Ya ƙara da cewa takin da na zuba bai taimaka ba, domin fosfaras ɗin da ke cikinsa idan ya yi yawa yana ƙara hana shuka samun ƙarfen.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce ba ƙarfen ne babu a ƙasar ba. Yana nan, shukar ce ba ta iya shansa. Ya kwatanta mini da kicin: akwai ɓangaren tsamiya, akwai ɓangaren kanwa, ma'aunin da ake kira pH kuma yana tafiya daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya. Ixora asalinta daga kudancin Indiya da Siri Lanka take, tana son ƙasa mai ɗan tsami, wajen 5.5 zuwa 6.5. Da zarar ƙasa ta haura 7 ta nufi ɓangaren kanwa, ƙarfen da ke cikinta sai ya daina narkewa, saiwa ta yi ta lalube a banza. Siminti kuwa ɗan ɓangaren kanwa ne na gaske, kuma ga shi ya kewaye shukar ta ko'ina.

Ya sa aka kawo lemon tsami, ya tona gefen dakalin da 'yar fartanya. Bai yi nisa ba ya fara cin karo da ɓaraguzan bulo da busasshen kwaɓin siminti, ashe da su aka cike ƙasan ramin kafin a zuba ƙasa a kai. Ya matsa lemon a kan ƙasar wurin, sai ga ta tana 'yar kumfa. Ni kuma nan na tuna laifina: tokar gawayin da muke gasa nama da shi a nan nake juye ta, don na tashi na ga ana zuba toka a gindin shuka. Ga ruwan rijiyar burtsatsenmu da ke barin farin ɓawo a cikin butar shayi, alamar shi ma ɓangaren kanwa yake. Abu uku suka taru wa shuka guda.

Yanzu ga kayan da na saya, don su ne dalilin wannan rubutun.

Na farko wani ɗan ma'auni ne mai ƙafafun ƙarfe biyu da ake cakawa a ƙasa, ba ya amfani da batir, wai yana auna danshi da haske da pH a lokaci guda. Kada ku ɓata kuɗinku. Na caka shi a dakalin ya nuna 7. Na caka a ƙasar da na jiƙa da ruwan tsamiya ya nuna 7. Allurar ko gezau. Araha ba ta ado. Abin da ya yi aiki shi ne takardar gwaji, 'yan siraran nan masu canza launi da ake samu a shagon kayan gwaje-gwaje na makarantu. Na ɗebi ƙasa daga zurfin tafin hannu, na dama da tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin sola, ba mai asid ɗin ba, na bari ta kwanta, na tsoma takardar. Launin ya tsaya wajen 8. Ƙasar bayan gida da ba ta taɓa siminti ba ta nuna wajen 6.

Na biyu shi ne hodar sinadarin ƙarfe da ake narkawa a ruwa a ba shuka, kuma a nan ne ake yi wa mutum sauyi idan bai karanta jikin leda ba. Mai shagon kayan gona ya fara miƙo mini wadda aka rubuta EDTA a jikinta, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Haruffan sunan sinadarin da ke riƙe ƙarfen a narke ne: EDTA tana riƙe shi ne idan ƙasa ba ta wuce 6.5 ba, DTPA tana kaiwa wajen 7.5, EDDHA ce kaɗai ke jure ƙasa irin tawa har zuwa 9. Sai da na zaga shago huɗu ban samu ba, ƙarshe ta intanet na yi oda aka aiko mini daga Legas. A jikin ledar an rubuta ƙarfe kashi 6 cikin 100, sannan a ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta ortho-ortho 4.8. Ƙanina ya ce wannan lamba ta biyun ita ce abin dubawa, don ita ce rabon da ke aiki sosai a ƙasa mai kanwa. Tsadarta ta fi ta EDTA nesa ba kusa ba, har sai da maigida ya tambaye ni ko furen ci ake yi.

Hodar launinta ja ne mai duhu, kusan baƙi. Tana narkewa nan take, ruwan ya koma kamar zoɓon da aka dafa ya yi kauri. Na bi abin da ledar ta ce, kimanin cokalin shayi guda ga kowace shuka a cikin rabin bokiti, na yi ɗan rami kewaye da gindin na zuba, na rufe da ƙasa, na bi da ruwa. Da yamma na yi, domin hasken rana yana lalata sinadarin idan ya zauna a sarari.

Kwana goma ban ga komai ba, har na fara jin haushin kuɗina. A rana ta goma sha biyu, da safe, na lura ganyen saman sun fara yin kore daga wajen jijiya yana bazuwa, kamar tawada a kan takardar da ta jiƙe. Cikin mako uku sabon tofon da ya fito kore ne sosai, mai sheƙi. A mako na bakwai na ga dunƙulen fure na farko. Ganyen da suka riga suka yi fari fat har bakinsu ya ƙone ba su dawo ba, su na bi da almakashi na rage.

Guda biyar ke nan daga cikin bakwai suka farfaɗo. Biyun da ke can ƙarshen dakalin ba su motsa ba, kuma ba laifin hodar ba ne. Da na tona sai wani wari ya bugo ni, ƙasar ta yi caɓi, saiwoyin sun yi baƙi, suna saɓulewa a hannu kamar dafaffiyar taliya. Birkila bai bar ko huda ɗaya da ruwa zai fita ba, dakalin kuma ya ɗan karkata wajen, duk ban ruwan safe da yamman da na yi ta yi can yake taruwa. Saiwar da ta ruɓe ba ta shan komai, ko zinariya aka narka mata. Na kira mai gyaran famfo ya huda bangon wuri huɗu daga ƙasa ya sa guntayen bututun roba. Ɗaya na cire ta, na yanke ruɓaɓɓen, na mayar da ita tukunya da yashi da ruɓaɓɓen taki, tana nan tana farfaɗowa a hankali. Ɗayar ta tafi.

Wani abu da ledar ba ta faɗa da babbar murya ba: hodar nan tana rini. Ta ɗiga a kan tayil ɗin baranda, har yau akwai tabon. Gefen zanina da ya taɓa bokitin ya zama na aikin gida. A sa safar hannu, a dama ta a kan ƙasa, nesa da duk abin da ake so. Kuma tana jan danshi, idan aka bar ledar a buɗe a damina sai ta dunƙule ta zama dutse. Tawa a cikin gwangwanin madara mai murfi take.

Babban abin da zan faɗa wa mai niyyar saye shi ne hodar ba ta gyara ƙasa. Ciyar da shuka take yi ta bayan fage, ƙasar kuma tana nan yadda take. Bayan wata huɗu na sake gwadawa da takarda, lambar ba ta sauka ba. Don haka na daina zuba toka, na kwashe ɓaraguzan da hannuna ya iya kaiwa, na cuɗa garin farar wuta a saman ƙasar, wanda shi ke jawo ta ɓangaren tsami, sai dai aikinsa na watanni ne domin ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke sarrafa shi. Na sauya taki zuwa amoniyam salfet kaɗan-kaɗan, na rufe saman da ɓawon gyaɗa don rage zafi. Da damina na tara ruwan sama a duro biyu, shi nake ba su muddin akwai. Ban ruwan ma yanzu sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe.

Wanda ganyensa na ƙasa ne ke rawaya baki ɗaya, wannan hodar ba tasa ba ce, takin Baba zai fi masa amfani kuma ya fi araha. Wanda shingensa irin Duranta ɗin nan ne mai ruwan zinariya, launinta ke nan tun asali, wata maƙwabciyata ta kusa sa ni in ba ta hodar a kan haka. Bugenbiliyar da ke jikin katangarmu kuwa ruwan burtsatse ɗaya suke sha da Ixorar, ko a jikinta.

A gurbin biyun da suka tashi ban sake dasa Ixora ba. Ruwan duro ya ƙare tun tsakiyar Disamba, mun koma na burtsatse, kuma shekaranjiya na ga tofon guda ɗaya ya fara haske a baki. Abin da ya rage a gwangwanin zai kai ni zagaye uku.